Giyar tsohuwar Landiroba da kunnen bakanike

Sanduna uku ne a gefen direban tsohuwar Landiroba: doguwa mai baƙin kai, gajeruwa mai jan kai, da 'yar ƙarama mai kai rawaya. Baƙar ita ce giyar da kowa ya sani, huɗu gaba, ɗaya ribas. Rawayar danna ta ake yi ƙasa idan ana so ƙafafun gaba su taya na baya ja. Jar kuwa jawo ta ake yi baya idan mota ta shiga yashi ko laka, gudu ya ragu, ƙarfi ya ninka, abin da direbobi ke kira ogzilari. Sandunan nan uku sun raini kanikawa masu yawa a Arewa, kuma sun koya musu wata ƙwarewa da ta fi ɗaure noti wuya, wato gano cutar da ba kullum take nuna kanta ba.

Asalin motar a Ingila yake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi ƙaranci, kamfanin Rover kuma yana neman abin da zai sayar a ƙasashen waje. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin, yana da gona a tsibirin Anglesey inda yake aiki da wata Jeep ta sojan Amurka. A 1947 shi da wansa Spencer, wanda ke shugabantar kamfanin, suka yanke shawarar ƙera tasu motar gona. Aka yi mata jiki da alminiyam, aka nuna ta ga duniya a bajekolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. Da yake cikin gaggawa aka yi aikin, ba a zauna an zana sabon giyabos ba. Na ƙaramar motar shiga ta Rover aka ɗauko, aka manna masa akwati na biyu a baya, wanda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Daga nan rabin labarin ya samo tushe: giyabos ɗin da aka yi domin kwaltar Ingila shi aka tura ya ja kaya a dajin Afirka.

A wannan giyabos, lamba uku da huɗu ne kawai ke da sinkoro, ɗan zoben nan da ke daidaita gudun haƙora biyu kafin su haɗu, wanda Cadillac ta fara sa wa motocinta a Amurka a 1928. Lamba ɗaya da biyu ba su da shi. Mai son saukowa daga uku zuwa biyu dole ya taka kuloci, ya dawo da sanda furi, ya saki, ya ɗan ba da wuta, ya sake takawa, sannan ya sa. Wanda ya iya, ba a jin ko ƙas. Wanda bai iya ba, gari duka sai ya ji. Tsofaffin direbobi da wannan suke auna yaron mota kafin su ba shi sitiyari.

Cikin shekarun 1950 motar ta zama abin hawan aikin gwamnati a Jihar Arewa. Di'o na rangadi da ita, 'yan sanda, malaman daji, likitocin dabbobi, En'e-En'e da asibitocin mishan duk sun riƙe ta. Da aka fara babban gangamin allurar bushiya ta shanu a yankin Tafkin Chadi a 1962, wanda ya haɗa Nijeriya, Nijar, Kamaru da Chadi, irin waɗannan motoci ne ke bin burtali da mashaya. Garejin ma'aikatar ayyuka da na En'e su suka zama makarantar kanikawan farko. Daga can masu hannu suka fita suka kafa nasu a gindin bishiya, suka ɗauki yara, yaran suka girma suka ɗauki wasu.

Abin da ya fi ba wa waɗannan mutane wahala ba fashewar giyabos ba ne. Wanda ya fashe ya faɗi ciwonsa da kansa. Mai wahalar shi ne wanda direba zai zo yana rantsuwa cewa jiya a hanyar ƙauye lamba biyu ta ƙi shiga har sau uku, bakanike ya hau ya zaga gari, komai sumul. Kamar zazzaɓin da ke sauka da zarar an isa ƙofar asibiti. Sauke giyabos ɗin Landiroba kuma ba wasa ba ne: sai an cire kujeru da akwatin da suke zaune a kai da faifan ƙasa, a ɗago shi ta cikin mota. Bakaniken da ya yi wannan aiki na yini guda ya tarar ciki lafiya lau, ya ci kuɗin mutum a banza, sunansa kuma ya zube a tasha.

Shi ya sa gwanayen suka mayar da tambaya makaminsu na farko. "Direba, da safe take yi ko sai ta yi zafi? Shiga take ƙi, ko ta shiga ne ta fito? A hawa ne ko a gangara? Da kaya ko babu?" Kowace amsa tana rufe wata ƙofa. Sai gwajin da ba ya cin ko kwabo: a kashe inji, a zagaya da sanda. Idan duk lambobi sun shiga lafiya amma da an tayar da inji sai gurnani, to laifin ba na giyabos ba ne, kuloci ne bai gama saki ba. Ribas ce shaidar da ba ta ƙarya a nan, domin ba ta da sinkoron da zai rufa wa kuloci asiri.

Kulocin ma ya canza da zamani. Na motocin farko da sandunan ƙarfe yake aiki. Daga samfuri na biyu, wanda ya fito a 1958, aka koma na mai, irin na birki, kuma da shi sababbin cututtuka masu zuwa su tafi suka shigo. Robar cikin famfon sama idan ta tsufa tana riƙe mai da sanyin safiya, ta sake shi da rana. Iska kan shiga layi. Tiyon roba da ke kai mai ƙasa kan kumbura idan zafin inji ya dake shi. Bakanike sai ya ce wa direba ya yi famfon feda sau uku ko huɗu kafin ya sa giya. Idan ta shiga salin-alin, an kama ɓarawo, kuma gyaran bai kai farashin buhun gero ba. Akwai kuma wani ɗan bushin tagulla a tsakiyar fulawil wanda bakin shaf ke juyawa a ciki. Idan ya bushe, wani lokaci ya kama shaf ɗin, wani lokaci ya sake, kuma ya sha sa a zargi haƙoran da ba su ji ba ba su gani ba.

Giyar da ke fita da kanta wani babi ne daban. A saman giyabos akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da sifirin ke dannawa cikin gurbi don riƙe sandunan zaɓe. Sifirin ya gaji, riƙo ya yi sako-sako, sai a rami ko a kan burji giya ta tsallake zuwa furi. Wannan ana gyara shi ba tare da an sauke komai ba. Haka robobin da inji da giyabos ke zaune a kai: idan sun tsage, duk kayan na karkata a hawa, sanda ta daki bakin raminta ta fito. Amma idan lamba biyu ko uku na fita daidai lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur a gangara, fuskar bakanike kan canza, domin ya san ko babban notin bayan shaf ya kwance, ko dogon bushin tagullar da haƙoran biyu da uku ke hawa a kai ya karye. Kafin ya yanke hukunci zai kwance notin ƙasa ya tari man a kwano, ya sa yatsa. Ƙyalli ruwan zinariya na nufin tagulla na cinyewa. Guntun siririn ƙarfe kuwa ɗaya ne daga sifirin uku na sinkoron uku da huɗu, wanda idan ya karye yake sa lambar ta shiga yau, gobe ta cije.

Su ma ja da rawaya suna da nasu halin. Jar tana da furi a tsakiya, kuma gwiwar fasinja ko buhu na iya ture ta can, inji na kuka mota na tsaye, direba ya ɗauka kuloci ya ƙone. Rawayar kuma ƙura da tsatsa kan kama sandunanta idan an daɗe ba a taɓa ta ba. Wanda ya manta da ita a danne ya hau kwalta, sai gaba da baya su ɗaure wa juna, ta ƙi saki har sai an ɗan yi ribas ko an ɗaga ƙafa ɗaya da jak.

A 1971 samfuri na uku ya zo da sinkoro a duk lambobi huɗu, taka kuloci sau biyu ya fara zama tarihi. A 1983 kuma aka fito da One Ten, wadda daga baya aka raɗa wa zuriyarta suna Defender, da giyabos mai lamba biyar da ake kira LT77. A nan tsohuwar al'ada ta cuci mutane da yawa. Tsofaffin motoci man giya mai kauri, lamba 90, suke sha. LT77 kuwa siririn jan mai irin na giya mai sarrafa kanta aka tsara masa. Wanda ya ɗura masa mai kauri bisa sabo, sai da sanyin hunturu lamba biyu ta ƙi shiga, rana ta ɗaga ta shiga, a yi ta neman aljanin da babu shi.

Nijeriya ta taɓa haɗa motocinta: Peugeot a Kaduna tun 1975, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan inda ake haɗa Landiroba. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari talaka. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama wurin ceto, a sayi na hannu, ko a yanka bushi a kan injin tani. Wannan zamani ya fito da basirar kanikawa, amma ya haifar da wata sabuwar matsala. Kamfanin Landiroba ya riƙa canza kayan cikin giyabos a tsawon shekaru, yana nuna canjin da harafi a ƙarshen lambar da ke jikin akwatin. Haƙorin mai harafi kaza zai zauna a na wani harafin, har ya yi aiki, amma ba daidai ba. Giyabos guda sai a same shi da kayan motoci uku, kuma babu littafin da ya san ciwonsa sai wanda ya haɗa shi.

A lokacin Toyota ta riga ta ci kasuwa. Land Cruiser, wadda ta samu sunanta a 1954, da Hilux mai jan ƙafa huɗu da ta fito a 1979, su suka gaji hanyoyin Sahara daga Agadas zuwa Dirku, giyarsu ta fi jure kaya, kayan gyaransu sun fi samuwa. Tambayoyin bakanike dai ba su canza ba, sai ƙarin guda: ko direba ya sauka ya murɗa makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba kafin ya ce ogzilari ba ta aiki.

Defender ta ƙarshe a tsohon tsari ta fito daga masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairu, 2016. Tsofaffin da suka rage a Nijeriya da yawansu an yanke musu baya an ɗora ƙugiya, suna jan motocin da suka mutu a hanya. Aikin ja a lamba ɗaya da biyu yake ƙarewa, wato daidai inda giyabos ɗin nan ya fi rauni tun 1948, don haka masu su ba sa nisa da 'yan dattawan kanikawan da suka rage, waɗanda kafin su ɗauki sifana sai sun ce wa direba ya zauna ya faɗi yadda abin ya fara.