Zumuntar Mata Kafin Zuwan Anko da Lasifika

Duk wanda ya taɓa yin sujadar Lahadi a Jos ko Kagoro ko Numan ya san lokacin da zumuntar mata ke miƙewa. Tulu ya fara amo, caki ya biyo baya, kuge ya shiga, sai masu gyangyaɗi su wartsake. Mutane da yawa, har 'ya'yan da muka haifa, sun ɗauka iyakar aikinmu ke nan: waƙa, rawa da anko. Wadda ta nuna mini cewa abin ya wuce haka ta rasu a daminar bana, tana dab da shekara 90. Mama muke ce mata mu duka, har fasto da dattawan ikilisiya. Ita ta riƙe hannuna lokacin da na shiga zumunta ina amarya, kuma yawancin abin da na sani game da mafarin wannan aiki a tabarmarta na ji shi, muna ɓarar gyaɗa.

Littattafan tarihin ikilisiya a Arewa sunayen maza suka cika su. Akwai Rowland Bingham da abokansa biyu da suka iso a 1893, mafarin mishan ɗin SIM ke nan. Akwai Karl Kumm da mutanen mishan ɗin SUM a Wase a 1904, da mishan ɗin Denmark a Numan a 1913, da su Stover Kulp da suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Daga nan sai a shiga lissafin masu bishara da aka horar a Gindiri da Kagoro. Matan da suka bi mazajen nan da goyo a baya da tukunya a kai, da wuya ka ga an ba su ko layi biyu.

Labarin da ake bayarwa a zumunta shi ne a Miango abin ya soma, wajen 1930, sa'ad da wata mata ta kusa rasa ranta wurin haihuwa, matan ikilisiya suka haɗa kuɗi aka sayi keke domin a riƙa gaggawar kai mai naƙuda inda za a taimake ta. Mama ba ta ga wannan zamani da idonta ba, amma ta tarar da aikin yana nan yadda aka faro shi. Mace ta haihu, 'yan zumunta ne za su kawo itace da ruwa, su dama kunu har ta yi ƙarfi. Namiji ya mutu ya bar gona, su za su fito gayya su nome wa gwauruwar. Ba su da kuɗi, don haka baikonsu mudun acca ne ko dawa, ana tarawa a ɗakin ma'aji, a sayar idan buƙata ta taso.

Abin da ta fi so ta ba da labarinsa shi ne karatu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai. Wannan littafi ne ya sa matar Berom da ta Irigwe, da Bajju da Atyap, da Tangale da Bachama da Bura, suka iya zama a tabarma ɗaya su fahimci juna. Sai dai yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar makaranta ba. Zumunta ce ta zama ajinsu. Bayan an taso daga gona, matar fasto ko matar mai bishara ta tara su a inuwa, ana bin baƙi da wasali har a kai ga haɗa kalma. Da gwamnatin Jihar Arewa ta fito da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, ta tarar da matan nan sun riga sun kama hanya. Mama a ajin zumunta ta koyi karatu, tana da 'ya'ya biyu. Har ta tsufa tana bin layi da yatsa, leɓenta na motsi, kuma ba ta yarda a karanta mata abin da za ta iya karantawa da kanta. Al'adar nan ta a kira sunanki ki amsa da ayar da kika haddace, wadda 'yan matan yanzu ke gani kamar takura, jarrabawar wancan aji ce ta rage mana.

Waƙa ma da gwagwarmaya ta samu shiga. Turawan mishan sun zo da Littafin Waƙoƙi, waƙoƙinsu na can da aka juya zuwa Hausa, ana rera su a tsaye cak, ba kiɗa ba motsi, domin a ganinsu ganga ta wurin tsafi ce da gidan giya. A faɗar Mama, matan ba su yi gardama da kowa ba. Tulun ɗiban ruwa suka ɗauko, suka soma buga bakinsa, don ba mai cewa tulu kayan dodo ne. Sannu a hankali sauran kayan kiɗa suka biyo. Suka riƙa ɗaukar labarin Rut ko Hannatu ko Ayuba su sa shi a karin waƙar gargajiya, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, ta yadda wadda ba ta iya karatu ba za ta koma gida da wa'azin a bakinta. Kuma kada a raina waƙoƙin nan. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa mijinta mashayi a ɗaki ba, zumunta za ta rera masa a gaban jama'a, yana zaune yana sunkuyar da kai. Dattawa ma ba su tsira ba.

Da ikilisiyoyi suka koma hannun 'yan ƙasa, ECWA a 1954, tarayyar da yanzu ake kira TEKAN a 1955, nauyin ciyar da fastoci da masu bishara ya faɗo kan talakawa, kuma kowa ya san daga rumbun wa hatsin ya fito. Lokacin gangamin bishara na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960, mata ne suka shiga gidajen da aka hana maza shiga. Daga baya kaset ya zo, muryoyinsu suka kai kasuwanni da tashoshin mota. Katolika suna da tasu zumuntar, haka ma ikilisiyoyin Maraɗi da kewaye a Nijar.

Sai shekarun wuta: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001. Duk inda aka tara waɗanda suka rasa matsuguni, manyan tukwanen zumunta ne a kan murhu. A Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyar EYN, a Oktoban shekarar kuma aka mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi. Matan zumuntarsu ba su watse ba, har ƙungiyar mawaƙansu ta zaga Amurka a 2015 tana shaida wa duniya abin da ya same su. Mama ta ga duk wannan, amma ban taɓa jin ta zagi maƙwabtanta Musulmi ba. Takan ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafarta ba ta tambayar addinin gidan da aka yi rashi. A zaman makokinta, matan unguwa masu hijabi sun cika tsakar gida tare da mu.

Ba zan ce komai lafiya yake a yau ba. Anko ya yi yawa. Taron gunduma da zane, bikin shekara da zane, jana'iza da zane, gwauruwar da aka kafa zumunta dominta ita ce yanzu ke cin bashi don kada a ga ta bambanta. Tarar makara ta fi ziyarar marar lafiya samun kulawa a wasu wurare. A ikilisiyoyi da yawa matan da suka fi kowa yawa da bayarwa ba su da kujera a inda ake yanke shawarar kuɗin da suka tara. 'Yan matanmu kuma sun koma sujadar Turanci, suna ganin zumunta ta tsofaffi ce. Mama ta yi ta faɗa a kan batun anko har muryarta ta dushe, ana ce mata zamani ne ya canja.

Tsarar Mama da suka rage ba su da yawa, kuma kowacce da ta tafi, da waƙoƙin da ba a rubuta ba take tafiya, da sunayen matan da suka fara zumunta a ƙauyensu. Roƙona ga kowace uwar zumunta da sakatariyarta shi ne a nemo tsofaffin littattafan taro a adana su kafin gara ta gama da su, sannan a ɗauki waya a je gidan tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a cikinku, a naɗi muryarta tun tana iya ba da labari.