Koshe: Jujin Addis Ababa da mutanen da ke rayuwa a gindinsa

Koshe shi ne babban jujin birnin Addis Ababa na ƙasar Habasha, yana kudu maso yammacin birnin, kuma ana kiran wurin Reppie. Sunan ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin datti a harshen Amhara. An fara jibge shara a wurin tun shekarun 1960, lokacin yana bayan gari. Da birnin ya bunƙasa sai gidaje suka kewaye shi.

Su wane ne mazauna wurin?

Talakawan da kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfinsu ne suka gina ɗakunan laka da itace a gindin tsibin sharar. Ɗaruruwan ’yan jari-bola suna hawa kansa kullum suna tsintar robobi da ƙarafa su sayar wa dillalai. Da wannan ciniki suke ciyar da iyalansu.

Haɗarin zaman wurin ba wari kaɗai ba ne. Idan shara ta ruɓe takan fitar da iskar gas mai saurin kama wuta, ruwan da ke tsiyaya daga cikinta yana gurɓata ƙasa, hayaƙin kuma yana cutar da huhu. Tsibin da ba a daddanne shi ba yana iya zaftarewa a kowane lokaci.

Daren 11 ga Maris

A shekarar 2016 hukumomin birnin sun mayar da zubar da shara wani sabon wuri a Sendafa da ke yankin Oromiya. Manoman yankin suka yi bore, suka tare motocin shara, lamarin da ya sa aka dawo Koshe.

A daren Asabar, 11 ga Maris, 2017, wani ɓangare na tsibin ya zaftare ya binne gidaje da dama. Aƙalla mutum 113 ne suka rasa rayukansu, galibinsu mata da yara. An ayyana zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasar.

Abin da ya biyo baya

A watan Agustan 2018 aka ƙaddamar da tashar Reppie kusa da jujin, wadda aka tsara ta riƙa ƙona tan 1,400 na shara a kullum domin samar da wutar lantarki. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da tallafin Japan, ta yi aikin rage gangaren tsibin tare da kafa bututun fitar da gas.

Irin wannan iftila’i ya sake aukuwa a jujin Hulene na birnin Maputo a 2018, da na Kiteezi a Kampala a 2024. A duk wuraren nan rashin muhalli da rashin aikin yi ne suka kai mutane gindin juji. Muddin ba a sama musu wani matsuguni da sana’a ba, gargaɗi kaɗai ba zai tashe su ba.