Gawo Tsakanin Sarki da Dokar Daji

Gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Da rani kuwa, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau, sai ya yi kore shar. Manomin ƙasar Damagaram ya daɗe da gane ribar wannan hali: gawo ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a watannin da ciyawa ta ƙare. Dabbobin da suka kwanta a gindinsa su ma sukan bar wa gona kashinsu.

Har yau ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, cewa ya kafa dokar sare kan duk wanda ya sare gawo. Hukunci ne mai tsanani.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. A 1935 suka fito da dokar daji ta dukan yankinsu na Afirka ta Yamma, wadda ta jera bishiyoyin da aka haramta taɓawa sai da izinin hukuma. Bayan 'yancin kai, dokar daji ta 1974 a Nijar ta bi wannan sawu. A takarda kariya ce. A gona kuwa, sai ya zamana bishiyar da ta tsiro a gonarka ta gwamnati ce, in ka sare reshe jami'in gandun daji ya ci ka tara. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Sai manoma suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Ga kuma malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, domin gyaɗa da garmar shanu.

Da farin 1973 da na 1984 suka zo, sun tarar da ƙasa ba sutura. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu a damina guda. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen darbejiya da turare, akasarinsu suka mutu.

A 1983 wani Ba'ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara kututturan tsofaffin bishiyoyi ne masu saiwa da rai. In aka zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su miƙe. Wannan shi aka kira sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci. Da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu, wasu suka bari suka ga amfani.

Ana yawan faɗar labarin kamar baƙo ne ya kawo dabarar, kuma a ganina wannan rage wa manoma haƙƙi ne. A Magarya da Matamaye gawo ya dawo mafi yawa da hannun masu gonaki. Abin da ya canza shi ne, bayan rasuwar Seyni Kountché a 1987 hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, manomi ya fara ɗaukar bishiyar gonarsa a matsayin tasa, tun kafin sabuwar dokar daji ta 2004.

Daga baya masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da hotunan tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gaskiya ne ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun fari. Sai dai hotunan bakin iyaka sun nuna bishiya ta fi kauri a gefen Nijar fiye da gefen Najeriya, alhali hadari ɗaya ne ke zuba a kansu.