Daga daftarin ɗan kasuwa zuwa katin ɗaukar murya: tarihin «journal»

A zamanin da Marc-Henri Piault ya tattara tarihin Arewa, wanda ya fito a 1970 da sunan Histoire Mawri, zaren maganaɗisu ne abin ɗaukar murya. In zare ya tsinke sai a liƙe shi, hasarar ba ta wuce kalma biyu ba. Ɗalibanmu da ke zuwa Matankari, Lugu ko Tibiri a yau a kan kati suke ɗauka, kuma in batir ya mutu kafin a tsayar da na'ura, hirar awa biyu na iya ɓata ɗungum.

Kati rabe yake gida-gida. Ajiye hira guda yana bukatar rubutu a wuri uku: muryar kanta a cikin gidajen, jadawalin da ke nuna wane gida ke bin wane, sannan suna da tsawon hirar. Tsarin da ake kira FAT, wanda Microsoft ya ƙago a 1977 domin ƙananan fayafai, yana yin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. In wuta ta yanke a tsakani, murya na nan kwance, amma jadawali bai san da ita ba.

Maganin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A littafin da Luca Pacioli ya buga a Benis a 1494, ɗan kasuwa yakan shigar da ciniki a daftarin yini, giornale, kafin ya kai shi babban kundi. Masanan IBM sun ɗauki wannan dabara a shekarun 1970 domin rumbunan bayanai, daga baya ta shiga tsarin ajiya: JFS a 1990, NTFS a 1993, ext3 a 2001. Na'ura takan fara rubuta abin da take shirin yi, ta sa hatimi, sannan ta aikata. Bayan yankewar wuta sai ta duba daftarin: mai hatimi ta ƙarasa shi, marar hatimi ta yar. Sai dai a lura, sau da yawa jadawali kaɗai ake karewa haka. Kundi zai fito daidai ko da jimlolin ƙarshe na tsohuwar da aka yi hira da ita sun salwanta.

Ƙananan na'urori sun bi tasu hanya, domin ƙwaƙwalwarsu tana lalacewa da yawan gogewa, ga daftari yana ninka rubutu. An yi musu JFFS2 a 2001 da YAFFS a 2002. Amma katin da ake cirewa dole kowace kwamfuta ta iya karanta shi, shi ya sa ya tsaya a kan FAT32 ko exFAT, dukansu ba daftari.

Saura batun suna. Fassara journal da «jarida» ɓatar da mai karatu ne, ko da yake a tsohon Larabci jarida na nufin rajista ma. A ganina «daftarin niyya» ya fi dacewa, tun da niyya ake rubutawa kafin aiki.

Wanda zai fita bincike, ya riƙa tsayar da ɗauka kowane minti 15. In hira ta ɓata, ya cire katin nan take, kada ya ƙara ɗaukar komi a kansa, domin sabuwar murya kan gidajen tsohuwar za ta sauka.