Asibitin Yara Masu Cutar Noma a Sakkwato

Cutar noma takan fara da kumburin dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, galibi wanda tamowa ta kama ko ƙyanda ta kayar. Kafin mako biyu ta cinye leɓe da kumatu, wani lokaci har ƙashi. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma kusan tara cikin goma ba sa kai labari idan ba a yi magani ba. Wanda ya tsira akan ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, ba makaranta, ba dandali. Domin irin waɗannan yara ne likitocin tiyata daga Turai suka fara zuwa Sakkwato a 1996, da tallafin wata gidauniyar Jamus, har aka buɗe asibiti na musamman a 1999. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a can tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma magani kyauta ne.

Akwai masu cewa an fara daga ƙarshe, kuma maganarsu ba ta banza ba ce: tiyatar fuska ɗaya kan ci kuɗin da zai ciyar da yara masu yawa, alhali tun farko kurkure baki da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ciwon. Sai dai wa zai yi rigakafin cutar da ba a yarda tana nan ba? Mamatanta ana binne su a ƙauye ba tare da likita ya gani ba. Tiyatar ce ta fito da masu rai fili. Uwa ta ji an gyara bakin ɗan maƙwabciya har yana tauna tuwo, sai ta goyo nata. Daga nan aka samu adadi, aka san ƙauyukan da za a bi a Sakkwato da Kebbi da Zamfara, aka shiga koya wa malaman asibiti da masu maganin gargajiya gane alamun farko.

Da irin wannan shaida Najeriya ta jagoranci ƙasashen da suka shigar da buƙata ga Hukumar Lafiya ta Duniya, har a Disambar 2023 Hukumar ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Sai dai akwai zargin cewa agajin waje na sa gwamnati naɗe hannu, kuma yana nan daram, domin har yanzu manyan ayyukan tiyata na jiran zuwan tawagar likitoci daga waje, 'yan lokuta a shekara.