Launi Huɗu a Kan Injin Launi Biyu

Yawancin hotuna masu cikakken launi da ake gani a kalanda ko bangon littafi, da tawada huɗu kaɗai aka buga su, watau shuɗi mai haske, da ja mai ratsin shunayya, da rawaya, da baƙi. Manyan maɗaba'u suna da injin da ke ɗora su duka a shigar takarda guda. Amma ƙaramin maɗaba'i, wanda injinsa launi biyu kaɗai yake ɗauka, tilas ya shigar da takarda sau biyu. Waɗansu suna ɗaukar wannan dabarar talauci ce, alhali kuwa da irin wannan maimaici aka fara ɗab'in launi tun asali.

Wanda ya fara gwada abin shi ne Jacob Christoph Le Blon, mutumin Frankfurt ta ƙasar Jamus. Ya lura launi uku, shuɗi da rawaya da ja, in an ɗora su bisa juna, suna haifar da sauran launuka. Sai ya sassaƙa farantan tagulla uku, kowanne da launinsa, yana danna takarda ɗaya a kansu bi da bi, wani lokaci kuma ya ƙara na baƙi. A 1719 ya sami takardar izinin mallakar dabarar a Ingila, amma kamfanin da ya kafa a Landan ya karye.

A 1796 wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano ɗab'in dutse a Munich. Asirinsa shi ne mai da ruwa ba su haɗuwa. Akan yi zane da abu mai maiƙo a kan dutse, a jiƙa dutsen, sa'an nan a shafa tawada, sai ta kama zanen ta ƙi wurin da ruwa yake. A 1837 Godefroy Engelmann na Faransa ya mai da dabarar ta ɗab'in launi. Kowane launi da dutsensa, har akan sami hoton da ya ci dutse ashirin ko fi, takarda kuwa sai ta bi su ɗaya ɗaya.

Abin da ya rage wannan wahala shi ne ɗigo. A cikin shekarun 1880 aka ƙware wajen farfasa hoto ya zama ɗige-ɗige ƙanana, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske. Da aka gama wannan da dabarar rarrabe launi ta hanyar ɗaukar hoto, sai faranti huɗu suka isa. Ido ne ke gauraya ɗigon shuɗi da na rawaya ya ga kore. Don kada ɗige-ɗigen su yi karo su fid da zane irin na saƙa, akan karkata jerin kowane launi dabam: baƙi digiri 45, ja 75, shuɗi 15, rawaya 90.

Wajen 1904 kuma wani maɗaba'i a Amurka, Ira Rubel, ya ci karo da abin da ake kira ofset. Takarda ta kuskure shiga injinsa, zanen ya hau kan robar gangar da ke danna takarda. Da ta gaba ta shiga, sai ya ga bugun da ya fito daga robar ya fi kyau. Daga nan aka soma ƙera injuna masu ɗora tawada daga faranti zuwa roba, daga roba zuwa takarda. Kamfanin Heidelberg na Jamus ya shiga ƙera su a 1962, a 1972 kuma ya fid da ƙaramin injin nan GTO, wanda daga baya aka yi masa mai launi biyu.

A ƙasar Hausa, Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 shi ne ya daɗe yana riƙe da ɗab'in littattafan boko. Daga tsakiyar shekarun 1980, da marubutan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, sai aiki ya yawaita a ƙananan maɗaba'u, waɗanda yawancinsu da tsofaffin injunan Turai masu launi ɗaya ko biyu suke aiki.

Ga yadda mai injin launi biyu yake yi. Zai ɗaura faranti biyu ya buga takardun duka. Sa'an nan ya wanke injin sarai, ya canja tawada da farantai, ya jira bugun farko ya sha iska, kana ya mai da takardun. A gefen kowace takarda akwai 'yar alamar gicciye, wadda tilas ta launuka huɗun ta hau kan juna daidai. In ta goce ko da kaurin gashi ne, sai fuskar mutum ta fito da inuwa, kamar an yi masa ido huɗu.

Babbar abokiyar gāba a nan ita ce takardar kanta. Ofset da ruwa yake aiki, takarda kuwa tana shan laima ta buɗe, in ta bushe ta tsuke. Wadda aka buga da damina, ko aka bari ta kwana a buɗe cikin hunturu, ba lalle ta koma injin da girmanta na jiya ba. Don haka gwanaye sukan lulluɓe tarin, su yi ƙoƙarin gama bugu na biyu ba da jinkiri ba. Har wa yau, mai wannan aiki ba ya ganin ainihin launin hoton sai a bugu na biyu. In shuɗi ya yi yawa a na farko, ba ya kankaruwa, takarda da tawada da wunin aiki duk sun tafi, mai kaya kuma yana bakin ƙofa. Saboda haka yakan ƙara takardu a kan adadin da aka nema, don gwaji da ɓarna.

Ashe ke nan daga farantan Le Blon zuwa injin launi huɗu, yawan shigar takarda ne ya ragu, amma sharaɗin bai sake ba: kowane launi ya sauka inda ɗan'uwansa ya sauka. A babban inji ƙarfe ne ke tsare wannan sharaɗi. A ƙarami kuwa, ido da haƙurin mai bugu ne.