Gasar Fantasy ta zaɓen bi-da-bi: dokokinta, jerin 'yan wasa da dabarun zaɓe

Fantasy wasa ne da mai kallon ƙwallo ke zama koci a wayarsa. Yana haɗa ƙungiya da sunayen 'yan wasa na gaskiya, duk abin da suka yi a fili ranar wasa kuma sai a juya masa shi zuwa maki. Wanda aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne Fantasy Premier League na gasar Firimiyar Ingila, wanda aka buɗe a 2002, kuma masu buga shi a duniya sun haura miliyan 11. Kyauta ake shiga, waya da intanet kawai yake buƙata. Shi ya sa ya dace da abokan da neman abinci ya raba: wanda ke unguwar Abdulkafi a Sabha, da na Agadas, da na Maraɗi, da na Kano, duk za su iya zama a rukuni ɗaya su fafata daga Agusta zuwa Mayu.

Wasan iri biyu ne. A na farko ana ba kowa fam miliyan 100 na wasa ya sayi 'yan wasa 15, kuma mutum dubu za su iya mallakar ɗan wasa guda. A na biyu, wanda manhajar ke kira Draft, ba kuɗi, ba kyaftin. Ana zaɓe ne bi-da-bi, ɗan wasan da wani ya ɗauka kuwa ya fita daga hannun kowa. Wannan bayani a kan na biyun yake, bisa dokokin kakar 2025/26. Akan yi wa dokokin kwaskwarima kusan kowace shekara, don haka a riƙa duba su kafin kaka ta fara.

Asalin wasan

Daga ƙwallon Amurka zaɓen bi-da-bi ya samo asali, wato wasan nan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. A 1962 Bill Winkenbach, ɗaya daga cikin masu ƙungiyar Oakland Raiders, shi da abokansa biyu suka tsara dokokin a wani otal a New York. A 1963 suka yi zaɓen farko da ƙungiyoyi takwas, George Blanda ne ɗan wasan da aka fara ɗauka. Ƙwallon ƙafa ta ara daga baya: Riccardo Albini ya fito da Fantacalcio a Italiya a 1990, a Faransa kuma aka samu Mon Petit Gazon a 2011, inda ake gwanjon 'yan wasa a ɓoye da yuro miliyan 500 na wasa. Firimiya ta ƙara nata tsarin Draft a kakar 2017/18.

Yadda zaɓen yake tafiya

Rukuni yana ɗaukar mutum 2 zuwa 16. Kowa zai ƙare da masu tsaron raga 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5 da 'yan gaba 3, wato zagaye 15 ke nan. Zaɓen je-ka-dawo ne: a zagayen farko ana bi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a na biyu a juyo daga na ƙarshe zuwa na ɗaya, haka har a gama.

A rukunin mutum takwas 'yan wasa 120 za a ɗauka. Wanda ya fara zai yi zaɓe na 1, sannan na 16 da 17, sannan na 32 da 33. Na takwas zai yi na 8 da 9, sai na 24 da 25. Na huɗu zai yi na 4, 13, 20 da 29. Wannan lissafi shi ne tushen dabara. Wanda ke gefe, na farko ko na ƙarshe, yana ɗaukar biyu a jere, amma sai an kwashe 'yan wasa 14 kafin layi ya dawo kansa, don haka duk wanda yake so dole ya ɗauke shi da wuri. Na tsakiya ba ya daɗewa yana jira, yana da damar kallon inda zaɓen ya nufa.

Kowane mako ana fitar da 11: mai tsaron raga ɗaya, aƙalla 'yan baya uku, 'yan tsakiya biyu da ɗan gaba ɗaya. Rukuni na iya zaɓar tara maki har ƙarshen kaka, ko karawa mutum da mutum kowane mako, inda nasara ke da maki uku, canjaras ɗaya.

Yadda ake samun maki

Wanda ya buga ƙasa da minti 60 yana da maki 1, wanda ya kai 60 yana da 2. Ƙwallo a raga maki 4 ce ga ɗan gaba, 5 ga ɗan tsakiya, 6 ga ɗan baya, 10 ga mai tsaron raga. Wanda ya bayar aka ci yana da 3. Idan ba a zura wa ƙungiya ƙwallo ba, mai tsaron raga da 'yan bayan da suka kai minti 60 suna samun 4, 'yan tsakiya 1. Mai tsaron raga yana samun 1 a duk ƙwallo uku da ya tare, da 5 idan ya tare fenariti. Katin gargaɗi yana cire 1, jan kati 3, ɓarar da fenariti 2, cin gida 2. Akwai kuma tukuicin maki 3, 2 da 1 ga waɗanda suka fi taka rawa a kowane wasa. Daga kakar 2025/26 an ƙara maki 2 na aikin tsaro: ɗan bayan da ya yi tara, sharewa da ƙwace ƙwallo sau 10 a wasa ɗaya, ko ɗan tsakiya da ɗan gaba da suka kai 12.

Abin lura a nan shi ne yawancin masu buga gefe a gaba an lissafa su ne a 'yan tsakiya. Mohamed Salah na Masar a haka aka sa shi a Liverpool, kowace ƙwallonsa tana da maki 5. A kakar 2024/25 ya ci 29, ya bayar aka ci 18, ya tara maki 344, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a tarihin wasan.

Jeri da abin da ba ya faɗa

Manhajar tana jera 'yan wasa daga na ɗaya zuwa ƙasa, shafuka da dama ma suna fitar da nasu jerin. Jeri yana nuna wanda ake sa ran zai fi tara maki. Ba ya nuna wanda ya kamata a ɗauka a daidai wannan zagayen, domin darajar ɗan wasa a zaɓen bi-da-bi ita ce tazarar da ke tsakaninsa da wanda zai rage a gurbinsa idan an bar shi ya wuce.

Masu buga na Amurka sun daɗe da gane haka. A can mai jefa ƙwallo ne yakan fi kowa maki, amma guda ɗaya kowa ke sawa a yawancin rukunoni, alhali ƙungiyoyin NFL 32 ne, kowace da nata. Saboda haka ake barinsa sai can tsakiyar zaɓe, a fara da masu gudu da ƙwallo da masu cafewa, waɗanda kowa ke buƙatar biyu ko uku, nagarinsu kuma ba su da yawa.

A Firimiya ƙungiyoyi 20 ne, yawancinsu da ɗan gaba ɗaya suke fita. Mutum takwas kuwa 'yan gaba 24 suke nema. Ke nan tun kafin a gama zaɓe wasu za su riƙe 'yan benci. 'Yan baya 40 ake nema daga kusan 80 da ke fara wasa kowane mako, 'yan tsakiya 40 daga kusan 100. Masu tsaron raga 16 ake nema daga 20, kuma tazarar maki a tsakaninsu ba ta da yawa. Daga nan tsarin ya fito: zagaye huɗu ko biyar na farko na 'yan gaba ne da 'yan tsakiya masu cin ƙwallo, 'yan baya su biyo, mai tsaron raga ya jira zagaye na tara ko na goma. Idan rukuni ya kai mutum 12 lissafin ya sauya, domin masu tsaron raga 24 ake nema, wanda ya yi jinkiri zai tashi da wanda ba ya kama wasa.

Hanya mafi sauƙi ta amfani da jeri ita ce a raba shi aji-aji a takarda. A kowane gurbi a haɗa waɗanda ƙarfinsu ya yi kusa a aji ɗaya. Idan layi ya zo, a duba ajin da ya kusa ƙarewa. In 'yan tsakiya shida ne suka rage a aji na biyu, ɗan gaba kuma ɗaya tak, ɗan gaban za a ɗauka, ko da jeri ya sa shi a ƙasansu, domin ɗaya daga cikin shidan zai iya kaiwa zagaye na gaba.

Abin da ake dubawa a ɗan wasa

Na farko minti. Gwanin da koci ke sawa yau ya ajiye gobe bai kai matsakaicin da ke buga minti 90 kowane mako ba. Na biyu, wa ke buga fenariti da kwana da bugun tazara a ƙungiyarsa. Na uku tarihin rauni. Na huɗu ƙungiyoyin da ke buga gasar Turai, domin sun fi yawan hutar da 'yan wasa.

Sunan ƙungiya ba ya ba da maki. A 2024/25 Chris Wood ya ci wa Nottingham Forest ƙwallo 20, Bryan Mbeumo na Kamaru ya ci wa Brentford 20, Yoane Wissa na Kwango 19. A 2015/16 Riyad Mahrez na Aljeriya ya ci 17 a Leicester, alhali farashinsa a wasan kuɗi fam miliyan 5.5 ne kacal a farkon kaka. Kishin gida ma yana ruɗi. Lokacin da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya koma Leicester a 2016, ya zura wa Barcelona biyu a wasan share fage, amma ƙwallo biyu ya ci a Firimiya duk kakar, sau da yawa daga benci yake shigowa.

Gasar cin kofin Afirka ma abar lissafi ce idan ta faɗo tsakiyar kaka. Ta Kwaddibuwa an yi ta daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta kai wasan ƙarshe, don haka Alex Iwobi da Calvin Bassey na Fulham da Ola Aina na Forest sun shafe fiye da wata ba sa ƙungiyoyinsu. Ta Maroko an yi ta daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, daidai lokacin da wasannin Ingila suka fi cunkushewa. Wanda ya tara 'yan Afirka biyar a irin wannan kaka zai rasa na sawa.

Bayan zaɓe

'Yan wasan da ba a ɗauka ba suna nan a kasuwa. Kowane mako ana miƙa buƙata, kwana ɗaya kafin rufe ƙofa manhaja ta raba, kuma na ƙasan tebur ake fara ba wa. Daga nan zuwa rufewa, wanda ya riga shi ya samu. Ana kuma iya musaya tsakanin mutum biyu idan rukuni ya yarda da hakan. A nan ake gyara kuskuren ranar zaɓe. Cole Palmer ɗan benci ne a Manchester City da kakar 2023/24 ta fara. Ya koma Chelsea ranar 1 ga Satumba, ya ci ƙwallo 22, ya fi kowa maki a kakar.

Agogo da layi

Ana rufe ƙofar canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Idan wasan na ƙarfe 12:30 ne na ranar Asabar agogon Ingila, 11:00 ake rufewa. Ingila tana sauya agogonta a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, ƙasashenmu ba sa sauyawa. Daga Afrilu zuwa Oktoba, 11:00 ta Ingila ita ce 11:00 a Kano, Yamai, Njamena da Garwa, 12:00 a Sabha da Khartum, 10:00 a Kumasi. Daga Nuwamba zuwa Maris ta zama 12:00 a Kano da Yamai, 1:00 a Sabha, 11:00 a Kumasi. Wani makon kuma da daren Juma'a ake farawa. Haka ranar zaɓe: a faɗi lokaci da sunan gari, domin Sabha tana gaban Agadas da awa ɗaya duk shekara.

Kowane zaɓe yana da ƙayyadadden lokaci, idan ya wuce manhaja ce za ta ɗauka wa mutum. Inda ake ɗauke wuta ko layi ke yankewa, kamar yadda mazauna Sabha suka saba gani, maganin shi ne a cika jerin waɗanda ake so a cikin manhaja tun kafin ranar, bisa tsarin da ake son su. Daga wannan jerin za ta fara ɗauka. Wanda bai cika ba, jerinta za ta bi, ba ruwanta da ajin da ya kusa ƙarewa.

Batun kuɗi

Manhajar ba ta karɓar ko sisi. 'Yan rukuni ne wani lokaci suke haɗa kuɗi a tsakaninsu wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. Mafi yawan malamai suna lissafa irin wannan a caca, tunda kowa ya zuba, ɗaya ya ɗauka, saura suka yi asara. Ga kuma rigimar canji: wanda ya biya da dinari a Agusta, da mai naira, da mai sefa, da wuya lissafinsu ya zo ɗaya a Mayu, kuma mai riƙe kuɗin yana wata ƙasa. Rukunin da ke son kyauta zai iya barin wani wanda ba ya cikin gasar ya sa ta daga aljihunsa, ko a tsaya a kan kofi da suna. Duk abin da aka yanke, har da dokar musaya da hukuncin wanda ya watsar da ƙungiyarsa a tsakiyar kaka, a rubuta shi a zauren WhatsApp na rukuni kafin a ɗauki ɗan wasa na farko.